Yadda Ake Tsabtace Ruwan Dattin Magunguna da Ƙananan Halittu a Yanayin Damagaram

Maganin da mutum ya sha ba duka jiki ke riƙewa ba. Wani kaso yana fita ta fitsari da bayan gida kamar yadda ya shiga, wani kuma yana fita bayan hanta ta ɗan sauya masa siffa amma ƙarfinsa bai mutu ba. Idan aka haɗa wannan da ruwan wankin kayan ɗakin gwaji, da ragowar ruwan allura da siro da ake zubarwa a magudana, da ruwan wankin ɗakunan marasa lafiya, za a ga cewa abin da ke fita daga asibiti ko wurin haɗa magani ya sha bamban da ruwan wanke-wanken gida. Masana'antar harhaɗa magunguna ta ƙasa, wato SONIPHAR, a Yamai take, mu kuwa a Damagaram abin da muke da shi shi ne babban asibitin ƙasa, da gidajen haihuwa, da cibiyoyin kiwon lafiya na unguwanni, da ɗakunan gwaji da famasi. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwan shanmu daga nesa ake janyo shi, daga wurare irin su Gogo da Machaya, kuma ruwan da aka zubar ba shi da wani kogi da zai tafi da shi. A kududdufai yake tsayawa, inda dabbobi ke sha, masu yin tubali ke ɗiba, yara kuma ke wasa.

Duniya ta riga ta ga abin da sakaci da wannan ruwa ke haifarwa. A shekarar 2007 masu bincike daga ƙasar Suwidin sun auna ruwan da ke fita daga wata matatar ruwan masana'antun magani a Patancheru, kusa da birnin Haidarabad na Indiya, suka samu maganin siprofloksasin, wani antibiyotik mai kashe ƙwayoyin cuta, har miligiram 31 a cikin lita ɗaya, wato fiye da abin da ake samu a jinin mara lafiyar da ke shan maganin. Ƙwayoyin cutar da suka rayu a irin wannan ruwa suna koyon bijire wa magani, kuma suna miƙa wa junansu wannan dabara. An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka rasu kai tsaye saboda ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, kuma yammacin Afirka ne yankin da abin ya fi tsanani idan aka kwatanta da yawan jama'a. A watan Satumba na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko kan ruwan dattin masana'antun antibiyotik.

Hanya mafi araha ta rage wannan guba ita ce a ba ƙananan halittu aikin cinye ta. Wanda duk ya taɓa kiwo zai gane aikin nan da sauri, domin kuwa garke ne ake riƙewa, sai dai garken da ido ba ya gani: yana buƙatar abinci a kan kari, da iska, da wurin zama, kuma yana mutuwa idan aka shayar da shi abin da bai saba da shi ba.

Raba ruwa tun daga tushe

Wannan mataki ba ya cin kuɗi mai yawa, amma shi ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kashe matatu. Maganin da wa'adinsa ya ƙare ba a zuba shi a magudana ko a masai ko kaɗan. A tattara shi a busasshen wuri mai makulli, a miƙa shi ga hukumomin lafiya don a ƙone shi a tanderu mai tsananin zafi, ko a cusa shi cikin tonno a rufe da siminti a binne. Magungunan sankara kuwa da duk abin da ya taɓa su, hanyarsu daban ce gaba ɗaya. Haka nan ruwan jabel da girezil da sauran sinadaran kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda masu shara ke kwararawa da bokiti da kyakkyawar niyya: aikinsu kisan bakteriya ne, kuma ba sa bambance mai cutarwa da mai amfani. A auna su daidai gwargwado wajen wanki, ragowar mai ƙarfi kuma a tara ta a bido, a riƙa sakinta kaɗan-kaɗan. Ruwan sama ma a yi masa tasa hanyar, domin ruwa ɗaya mai ƙarfi a watan Agusta ya isa ya wanke matata ya tafi da halittun da aka shafe watanni ana renonsu.

Kafin a zuba buhun siminti ɗaya, a kai samfurin ruwan ɗakin gwaji a auna abubuwa uku: pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da DBO, da DCO. DCO yana nuna jimillar dattin da ke cikin ruwan, DBO kuma yana nuna kason da halittu za su iya ci cikin kwana 5. Idan aka raba DBO da DCO aka samu 0.4 ko fiye, ruwan zai ciwu ba tare da wahala ba. Idan lissafin ya faɗi ƙasa da 0.2, to ruwan ya yi wa halittu tauri ko yana da guba, sai an gauraya shi da ruwan masai da na kicin, ko a fara sassauta shi da sinadari. A ɗauki samfurin a lokuta daban-daban na yini, saboda ruwan safiya lokacin wanki ba ɗaya yake da na dare ba.

Su wane ne ma'aikatan

Rukuni na farko su ne bakteriya masu cin datti a gaban iskar oksijin, irin su Pseudomonas da Bacillus da Rhodococcus da Acinetobacter da Sphingomonas. Su ne ke cinye mafi yawan DBO, kuma su ne ke karya parasetamol da ibuprofen, waɗanda matata mai lafiya kan cire fiye da kashi 90 cikin ɗari nasu. Suna hayayyafa da sauri, wasunsu cikin ƙasa da awa ɗaya. Akwai kuma Zoogloea, wadda ke fitar da wani abu mai yauƙi da ke haɗa halittun su zama ƴan dunƙule-dunƙule masu nauyin da zai sa su kwanta a ƙasan tanki, ruwa mai haske ya rage a sama.

Rukuni na biyu, wanda a ganina ya fi cancantar kulawar mai matata, su ne masu sarrafa amoniya: Nitrosomonas da ke mayar da amoniya nitrit, da Nitrobacter da Nitrospira da ke mayar da nitrit nitrat. Ba magani suke ci ba, amma anzim ɗin da Nitrosomonas ke amfani da shi wajen kama amoniya, wato sinadarin jikinta mai karya abinci, ba ya zaɓe sosai, sai ya riƙa sarar wasu magungunan a hanya, har da sinadarin da ke cikin ƙwayoyin tsarin iyali, ya bar su a siffar da sauran bakteriya za su iya ƙarasawa. Matsalarsu ita ce jinkirin haihuwa, domin sukan ɗauki wajen yini guda kafin su ninka, kuma su ne na farkon mutuwa idan guba ta shigo ko iska ta yanke. Duk matatar da waɗannan suka zauna a cikinta lafiya, sauran ma lafiya suke.

Rukuni na uku suna aiki inda babu iska ko kaɗan. Wasu bakteriya suna narka datti ya zama asid, sannan masu yin iskar metan, irin su Methanosarcina da Methanosaeta, su mayar da asid ɗin gas. Sun fi jin daɗi a zafin digiri 30 zuwa 38, abin da ya sa ƙasarmu ta dace da su fiye da Turai, inda sai an ɗumama musu tanki. Sai gansakuka, irin su Chlorella da Scenedesmus, masu ba tafki launin kore, waɗanda ke samar da oksijin kyauta muddin akwai rana. Akwai kuma naman gwari mai ruɓar da itace, kamar Trametes versicolor da Phanerochaete chrysosporium, wanda anzim ɗinsa ke iya karya magunguna masu taurin kai. Sakamakonsa a ɗakin gwaji yana da kyau ƙwarai, amma a buɗaɗɗen tanki bakteriya kan rinjaye shi, don haka ban ga dalilin da ƙaramar cibiya za ta dogara da shi ba tukuna.

Tsarin da ya dace da mu

Tsarin laka mai rai, wato lakar da dunƙulen halittun ne kansu, wanda masana Ardern da Lockett suka bayyana a Mancesta ta Ingila a 1914, shi ne ya fi yaɗuwa a duniya: tanki ne da ake hura wa iska dare da rana, da wani tankin da laka ke kwantawa a mayar da ita na farko. Yana aiki sosai, amma ransa yana hannun wutar lantarki, kuma duk mazaunin Damagaram ya san halin wuta a watannin Afrilu da Mayu. Shawarata ita ce a jera matakai ta yadda nauyi mafi yawa zai hau kan waɗanda ba sa buƙatar wuta, a bar tankin iska ya zama ƙarami, a haɗa injinsa da faifan hasken rana.

A ɗauki misalin cibiyar da ke fitar da mita kubik 10 a yini. Ruwan ya fara ratsa ragar ƙarfe da za ta tare auduga da bandeji da leda, sannan ya shiga tankin daidaitawa mai ɗaukar ruwan yini guda, inda mai ƙarfi da mai rauni za su gauraya, a kuma gyara pH ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Wannan tanki shi ne garkuwar halittun, kuma kuskure ne a rage girmansa don tsimin kuɗi. Daga nan ruwan ya wuce rufaffen tanki mara iska mai ɗakuna huɗu ko biyar, wanda aka gina ta yadda ruwa zai riƙa sauka yana hawa ta cikin laka, ya yi kamar kwana 2 a ciki, wato tanki mai mita kubik 20. A bar bututun fitar gas ya yi sama da rufin ginin da ke kusa.

Bayan haka sai tankin iska. A nan oksijin ɗin da ke narke a ruwa ya kamata ya tsaya wajen miligiram 2 a lita. Zafi yana rage abin da ruwa ke iya riƙewa, daga kusan miligiram 9 a digiri 20 zuwa ƙasa da 7 a digiri 40, kuma masu sarrafa amoniya suna raunana idan ruwan ya doshi digiri 40, saboda haka a binne tankin a ƙasa gwargwadon yadda dutse ya bari, a yi masa rumfa. Yana da kyau a zuba ƴan gutsattsarin roba a ciki, ko a yi amfani da tsakuwa da ruwa zai riƙa tsiyaya a kanta, domin halittun da suka manne wa wani abu sun fi jure guba da yankewar wuta fiye da masu yawo a ruwa.

Mataki na gaba fadama ce ta gini: rami mai faɗi da aka shimfiɗa wa leda mai kauri ko yumɓu da aka daddale, aka cika da tsakuwa zurfin santimita 60, aka shuka kacalla ko jema. Ruwa yana tafiya a ƙarƙashin tsakuwar, santimita 5 zuwa 10 ƙasa da samanta, don kada sauro ya samu wurin ƙwai. Idan ana son ruwan ya yi kwana 4 a ciki, cibiyar misalinmu za ta buƙaci fili kusan murabba'in mita 200, tunda kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ramin ke zama gurbin ruwa. Shimfiɗar ƙasan ba abin wasa ba ce a garin da dutsensa ke da tsage-tsage kuma rijiyoyi ke kusa da gidaje. Inda fili ya wadata, a ƙara tafki mara zurfi, kamar mita ɗaya, wanda hasken rana zai ratsa ya kashe ƙwayoyin cuta ya kuma karya wasu magungunan, irin su diklofenak, waɗanda rana ta fi bakteriya iya musu.

Reno da sabo

A nan ne haƙuri ke aiki. Irin halittun ba sai an sayo shi daga waje a kwalba ba. Ga tankin da ba iska, kashin shanu ɗanye ko tumbin da ake zubarwa a mahauta ya wadatar, a haɗa da lakar tsohon ramin masai mai aiki, a cika kamar kashi ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin biyar na tankin. Ga tankin iska, laka daga wata matata mai aiki ta fi, in babu kuwa ruwan masai da aka yi ta hura wa iska zai haifar da tasa lakar cikin ƴan makonni.

A fara ciyar da su da ruwan masai da na kicin zalla. Idan laka ta fara kamawa, sai a shigo da ruwan magani kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a tsaya a kan haka mako guda ana dubawa, sannan a ƙara. Idan aka ga alamar wahala, a koma adadin baya a jira. Abin da ke faruwa a wannan lokaci shi ne halittun da ke da anzim ɗin karya maganin suna yawaita, marasa shi suna raguwa, kuma babu wata dabarar da za ta gaggauta wannan. Tankin iska kan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu kafin ya zauna, mara iska kuwa wata uku ko fiye. Ya fi kyau a fara bayan sanyin Disamba da Janairu ya wuce.

Abincinsu ma sai an daidaita. Ƙa'idar da aka saba da ita ga tankin iska ita ce kowane kashi 100 na DBO yana buƙatar kashi 5 na naitrojin da kashi 1 na fosforas. Ruwan asibiti yakan zo da isasshen naitrojin daga fitsari, amma ruwan wurin haɗa magani sau da yawa ba shi da shi, sai a ƙara ɗan takin ure da na fosfat, irin wanda manoma ke saye. Sarrafa amoniya yana sa ruwa tsami, don haka idan pH ya fara gangarowa ƙasa da 6.5 a gyara shi da farar ƙasa ko soda, kaɗan-kaɗan.

Abu mafi muhimmanci ga cire magani shi ne shekarun laka, wato yawan kwanakin da halitta ke yi a cikin tsarin kafin a fitar da ita. Idan ana kwashe laka da yawa, masu saurin haihuwa ne kaɗai za su rage, ruwa ya fito da haske, DBO ya sauka, amma magani ya wuce kamar ba a taɓa shi ba. A riƙe laka kwana 15 zuwa 25 domin masu jinkirin haihuwa su samu zama, wato a riƙa cire kusan kashi ɗaya cikin ashirin nata a kowace rana.

Duban yau da kullum

Kowace safiya a ɗebi lita ɗaya daga tankin iska a zuba a kwalba mai awo, a ajiye minti 30. Laka mai lafiya ruwan ƙasa-ƙasa ce, tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, tana kwantawa ta tsaya wajen mililita 200 zuwa 400, ruwan samanta kuma ya washe. Idan ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ta gaza. Farin kumfa mai yawa alamar laka ce sabuwa da ba ta ƙosa ba ko sabulu ya yi yawa, kumfa mai kauri ruwan ƙasa kuma alamar ta tsufa ko maiƙo ya shigo. Idan ta kumbura ta ƙi kwantawa, bakteriya masu zare irin su Sphaerotilus ne suka yi yawa, kuma galibi ƙarancin iska ko na abinci ne sanadi. Cibiyar da ke da madubin gwajin zazzaɓin cizon sauro tana da kayan aiki mai daraja a hannu, domin ɗigo ɗaya na laka zai nuna Vorticella, wata halitta mai siffar ƙararrawa a kan sanda, da sauran masu cin bakteriya. Ganinsu da yawa suna motsi alamar lafiya ce, ɓacewarsu dare ɗaya kuwa shaida ce cewa guba ta shigo, sai a bi sawu a ga abin da aka zubar jiya.

Idan wuta ta yanke, a dakatar da shigar ruwa zuwa tankin iska, a bar shi ya taru a tankin daidaitawa. Laka tana jure ƴan awoyi, amma idan aka ci gaba da ɗura mata abinci babu iska za ta ruɓe. Duk wannan a rubuta shi a littafi, da ranar da awo da abin da aka gani, domin ma'aikaci na iya sauyawa amma matata tana nan.

Kada kowa ya shiga tanki rufaffe, ko da an kwashe shi, ba tare da an buɗe shi ya sha iska sosai ba kuma akwai mai tsaye a waje da igiya, domin iskar da ke taruwa a ciki tana kashe mutum cikin mintuna, metan kuma yana kama wuta. Safar hannu da takalmin roba da rigakafin ciwon hanta da na sandarewar jiki haƙƙin mai wannan aiki ne a kan masu cibiyar.

Abin da halittu ba sa iyawa

Hasken ruwa ba shaidar tsabtarsa ba ne. Karbamazepin, maganin farfaɗiya, yana ratsa yawancin matatu kusan yadda ya shiga. Siprofloksasin da tetrasiklin kuwa sukan ragu a ruwa ba don an cinye su ba, sai don sun manne wa laka. Saboda haka a sa matattarar gawayi a ƙarshe, mafi kyau gawayin da aka sarrafa musamman don tace ruwa, in bai samu ba gawayin ɓawon gyaɗa ko na ƙwallon goruba da aka ƙona da kyau yana rage wani abu, a riƙa sauya shi idan ya ƙoshi. Bayan gawayin ne kaɗai jabel ke da wuri, don kashe ƙwayoyin cutar da suka rage.

Ruwan da ya fito a shayar da itatuwan inuwa da shingen cibiyar da shi. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 1989 na ruwan ban ruwan ganyen da ake ci ɗanye, wato kada ƙwayoyin bayan gida su wuce 1000 a mililita 100 kuma ƙwan tsutsar ciki kada ya wuce ɗaya a lita, ƙwayoyin cuta yake aunawa ba ragowar magani ba, don haka ko ruwan ya cika shi ban yarda a kai shi lambun salati da tumatir ba. Lakar da aka cire a shanya ta a kan shimfiɗar rairayi mai shinge, inda awaki da yara ba sa kaiwa, har ta bushe ƙurmus, sannan a ƙone ta a tanderun asibiti ko a binne ta a rami mai shimfiɗa nesa da rijiya. Kacallar da aka yanke daga fadamar ita ma a bushe ta a ƙone, kada a ba dabbobi, kuma kada a sayar wa masu lambu lakar a matsayin taki komai yawan roƙonsu.